Neman shawara: wane wurin zamiyar ƙanƙara a Turai ne zai ɗauke mu tara, gwanaye da 'yan koyo?

Mai tambaya, daga Manchester:

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da aka ɗora mini nauyin shiryawa, wadda tun ina ganinta ƙaramin aiki har ta fara hana ni barci. Mu tara ne, dukanmu manya, ƙaraminmu shekararsa 29, babbarmu kuma, wato yayata, ta haura 50. Mun ƙudura niyyar mu yi mako guda a ɗaya daga cikin tsaunukan Turai inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma muna son wurin da ake biyan kuɗi sau ɗaya komai yana ciki.

Matsalar ita ce hannunmu bai zo ɗaya ba. Mutum biyu sun daɗe suna yi, har sun kai matsayin da idan hanya ba ta da tsananin gangara sai su ce an ɓata musu lokaci. Mu uku, har da ni, mun taɓa zuwa sau ɗaya ko sau biyu, muna iya saukowa a hankali ba tare da mun kayar da kowa ba. Mutum uku ba su taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafa ba, ɗayarsu ma ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙarar da ta wuce wadda take narkewa a bakin titin Manchester kafin azahar ba. Ita kuwa Yaya gwiwa tana damunta, ta riga ta rantse ba za ta hau komai ba, za ta bi mu ne domin zumunci da ganin ikon Allah.

Dalilin da ya sa na nace sai mai komai a ciki shi ne abin da ya faru a tafiyarmu ta baya, inda lissafin wa ya biya mota, wa ya biya abincin dare, wa ya ci bai biya ba, ya kusa shiga tsakanin mutanen da suka shekara ashirin tare. Ba na son a maimaita. To amma da na fara bincike sai na tarar da kamfanoni iri-iri, kowanne yana cewa nasa komai a ciki ne, alhali tazarar farashinsu ta kai ninki biyu, na rasa wanda yake faɗin gaskiya.

Mun tsayar da fam 1,600 a kan kowane mutum, har da kuɗin jirgi. Huɗu daga cikinmu fasfon Birtaniya gare su, biyar kuma fasfon Najeriya da takardar zama. Tunda azumi zai kama a cikin Fabrairu, ko dai Janairu ko bayan salla. Ba ma shan giya, ba ma cin alade. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini, Allah ya ba da lada.

Amsa daga wani ɗan Damagaram mazaunin Grenoble:

Wa alaikumus salam, Malam. Duk kamfanonin da ka gani gaskiya suke faɗa, sai dai kowanne da abin da yake nufi da "komai". Abubuwan da suke cin kuɗi a irin wannan tafiya shida ne: masauki, abinci, katin hawa na'urorin da suke kai mutum kan dutse, kuɗin mai koyarwa, hayar alluna da takalma da hular kwano, sai motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi. Ka ja layi shida a takarda, duk tayin da aka yi maka ka duba nawa ya cike, ragowar ka nemo farashinsu ka ɗora, sannan ka kwatanta. Yawancin otal-otal masu araha da suke cewa komai a ciki, abinci da abin sha kawai suke nufi, alhali katin hawa na kwana shida a manyan wuraren Faransa shi kaɗai yana lashe ɗaruruwan yuro.

A nan Faransa tsari uku ne za ka yi ta cin karo da su. Akwai Club Med, wanda yake haɗa masauki da abinci sau uku da katin hawa da darasi na rukuni, amma hayar kayan zamiya a mafi yawan lokuta daban ake biya, kuma shi ne mafi tsada. Akwai UCPA, ƙungiya ce da ba ta neman riba, an kafa ta a 1965, ita tana haɗawa har da kayan zamiyar, kuma ba na jin akwai wanda ya kai ta araha idan aka yi cikakken lissafi. Sai dai ɗakunanta irin na makarantar kwana ne, mutum huɗu ko fiye a ɗaki, kowa ya kwashe kwanonsa bayan cin abinci, sannan yawancin shirye-shiryenta suna da iyakar shekaru, don haka da wuya ta dace da Yayarku. Na uku shi ne gidan katako da ake haya gaba ɗaya da masu dafa abinci, wanda Turawan Ingila suka fi so. Shi karin kumallo da shayin yamma da abincin dare ne kawai, babu kati, babu darasi, kuma ma'aikatan suna da daren hutu a cikin mako.

Game da wurin kansa kuwa, kuskuren da na fi gani shi ne a bar gwanaye su zaɓa. Gwani zai ce muku Val Thorens, saboda tana kan mita 2,300, ita ce mafi tsawo a Turai, kuma tana cikin Les Trois Vallées mai hanyoyin zamiya kilomita 600. Duk wannan gaskiya ne, amma ɗan koyo a makonsa na farko ba zai wuce 'yar gangara biyu ko uku ba, kilomita 600 ba su ƙara masa komai, kuma a wannan tsawon babu itatuwa, ranar da iska ta taso ko hazo ya sauko sama da ƙasa fari fat suke zama, wanda bai saba ba sai jiri ya kwashe shi. Gwani duk inda aka kai shi zai samo abin yi. Ɗan koyo ne idan aka kai shi inda bai dace ba zai tattara kayansa tun ranar Talata ya ce shi da dutse har abada.

A Faransa ana raba hanyoyi da launi huɗu: kore na 'yan koyo, shuɗi na masu ɗan hannu, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru. A Ostiriya da Suwizalan da Italiya galibi daga shuɗi ake farawa, babu kore, shi ya sa nake ganin Faransa ta fi sauƙi ga ayari irin naku. Abin da za ka nema a taswira shi ne wurin da dukan launukan nan suke gangarowa su haɗu a fili guda, kusa da masauki, domin da rana kowa ya dawo a ci abinci tare.

Wurare biyu nake ba ka. Na farko Alpe d'Huez, wadda take nan kusa da mu. Garin yana kan mita 1,860, kuma dutsen kamar ƙwarya yake: gindinsa shimfiɗaɗɗen fili ne cike da korayen hanyoyi, tsakiyarsa shuɗi da ja, can ƙololuwa kuma Pic Blanc mai mita 3,330, inda baƙar hanyar nan Sarenne mai tsawon kilomita 16 take farowa. Gwanayenku biyu za su samu abin ba da labari. Na biyu La Plagne, wadda ta yi suna da faffaɗan hanyoyi shuɗɗa marasa firgitarwa, kuma tun 2003 motar igiya mai hawa biyu da ake kira Vanoise Express ta haɗa ta da Les Arcs, suka zama yanki guda mai suna Paradiski, kilomita 425. Club Med yana da masauki a duka biyun.

Lokaci kuma, Janairu bayan an gama hutun sabuwar shekara shi ne mafi araha da ƙarancin cunkoso, sai dai sanyinsa ba wasa ba ne. Azumi ma ya yi muku gata da ya raba ku da Fabrairu, domin a lokacin ne makarantun Faransa suke hutu yanki bayan yanki, ga na Birtaniya a tsakiyar wata, farashi ya tashi, layi ya yi tsawo.

Amsa daga wata Hajiya mazauniyar Leeds:

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Malam na Grenoble ya gama magana a kan dutse, ni bari in yi maka ta ciki da ta Yayarku, tunda ni ce mai zaman jira a duk tafiyar da maigida da yara suke yi, sau huɗu ke nan.

Abincin mutanen yankin Savoie na tsaunukan Faransa an gina shi ne a kan cuku da alade da giya. Akwai wani gasasshen dankali da cuku da suke kira tartiflette, da ido za ka rantse ba komai a ciki, alhali an yayyanka naman alade ƙanana an cusa a tsakiya. Narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, wato fondue, da farar giya ake dama shi. Raclette kuma cukun ba laifi, amma farantin busasshen naman da ake kawowa tare da shi kusan duk alade ne. Saboda haka a wurina babban otal mai jera abinci kowa ya ɗebi abin da yake so ya fi ƙaramin gida mai tukunya ɗaya, domin ko yaya aka yi za ka samu kifi da ƙwai da taliya da shinkafa da ganye. Ka rubuta musu tun kafin ka biya ko sisi, ka tambaya ko suna da naman halal, amsar kuma ta zo a rubuce. Idan sun ce babu, ba abin tashin hankali ba ne, mako guda a kan kifi bai taɓa kashe kowa ba.

Shekarar da muka kama gidan katako mun sha darasi. Yarinyar da take dafa mana mai kirki ce ƙwarai, ta yi iya ƙoƙarinta, amma babu wanda ya gaya mana cewa daren Laraba hutunsu ne. Muka fita cikin sanyi mu shida muna bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, kowanne a cike, wanda yake da wuri kuma babu abin da za mu iya ci, ƙarshe muka dawo muka buɗe gwangwanin kifi da burodi muka barbaɗa yajin da na zo da shi a jaka. Yaji kam kada ku bari a gida. Amma kilishi da dambun nama ku haƙura da su, domin tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai an hana matafiyi shiga da nama ko madara daga nan.

Akwai kuma abin da ban ga an faɗa ba. A wuraren da komai yake ciki, har da giya a cikin kuɗin, wato za ku biya abin da ba za ku sha ba, kuma da dare zauren otal ɗin yakan cika da kiɗa da masu sha. Ba wanda zai takura muku, amma gara ku sani tun yanzu, kuma ka roƙi ɗakunan da suke nesa da zauren.

Ita Yaya, abin da take buƙata gari ne na gaske, mai shaguna da wurin zama a sha shayi da hanyar tafiya a ƙasa wadda aka share. Wasu wuraren an gina su ne domin masu zamiya kawai, benaye ne a tsakiyar ƙanƙara, wanda ba ya zamiya sai ya wuni yana kallon taga. Ana sayar da katin hawa na masu tafiya a ƙasa, mai sauƙin kuɗi, da shi za ta shiga motar igiya ta hau sama ta same ku. Ka tambayi kamfanin ko suna rage wa wanda ba ya zamiya kuɗi, domin ba daidai ba ne ta biya kati da darasin da ba za ta mora ba. Ka sayo mata ƙarafan nan da ake maƙalawa a ƙarƙashin takalmi saboda santsi, mai ciwon gwiwa faɗuwa ɗaya ta ishe ta.

Maganar masauki a bakin hanya da Malam ya yi tana da wani amfani da shi bai ambata ba. A Janairu rana gajera ce, azahar wajen ƙarfe ɗaya saura, la'asar wajen uku, kuma cire waɗannan takalma a yi alwala a banɗakin kan dutse aiki ne ja. Idan masauki yana kusa, sai mutum ya gangaro har ƙofa, ya ci abinci, ya yi sallarsa a ɗaki cikin ɗumi, ya koma.

Amsa daga wani ɗalibi a Birmingham:

Ranku ya daɗe, ni ƙarami ne a nan, amma ina ganin an tsallake Bulgeriya. Ni da abokaina Bansko muka je, kuma abin da muka kashe gaba ɗaya, har da darasi da hayar kaya, bai kai abin da ake nema a Faransa ba ko kusa. Masu koyarwa suna jin Turanci, garin tsohon gari ne mai kyan gani, kuma daga Sofiya tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a mota. Tunda mutum uku 'yan koyo ne, uku kuma ba su yi nisa ba, me zai sa a biya kuɗin kilomita 400 alhali shida daga cikin tara ba za su taka ko kashi ɗaya cikin goma ba? Akwai kuma Andorra, wadda na ji ana yabon makarantar koyarwarta ta Soldeu, ko da yake ni ban je ba.

Amsa daga wani ma'aikacin kamfanin tafiye-tafiye a Landan:

Ɗalibi ya kawo magana mai ma'ana, kuma da a ce dukansu 'yan koyo ne da ni ma Bulgeriya zan ce. To amma hanyoyin Bansko gaba ɗaya kimanin kilomita 75 ne, gwanaye biyun nan za su gama da su cikin kwana biyu su fara ƙorafi, kuma gwani mai ƙorafi shi ne yake jan ɗan koyo zuwa inda bai isa ba. Sannan garin yana ƙasa, filin zamiya yana sama, motar igiya ɗaya ce take haɗa su, kuma an san ta da dogon layi da safe a lokacin cunkoso. Wannan ya rushe shirin haɗuwa a masauki da rana. Araha ba ta ado, in ji masu magana, ko da yake a nan ba ingancin wurin nake kushewa ba, dacewarsa da wannan ayari nake dubawa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka, Malam, shi ne mutum biyar masu fasfon Najeriya. Takardar zama a Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa, sai da bizar Schengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu, kuma ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da ta jirgi. Ana iya nema tun saura wata shida a yi tafiya, kuma wahalar ba a yanke hukunci take ba, a samun ranar ganawa take. Idan Janairu kuke so, yau ya kamata su fara nema, ba gobe ba. A ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa ake nema, wato ko da a Geneva jirginku zai sauka, tunda a Faransa za ku kwana bakwai, bizar Faransa za su nema, kuma ita za ta shigar da su Suwizalan ɗin, domin duk yanki ɗaya ne. Bulgeriya ma ta shiga yankin, don haka ba ta kuɓutar da kowa daga wannan.

Andorra kuwa tana da tarko. Yankin Grandvalira babba ne, ya haura kilomita 200, kuma ya dace da masu hannu daban-daban. Sai dai ƙasar ba ta cikin Schengen, ba ta da filin jirgin sama, dole ta Faransa ko Sifaniya ake shiga a kuma fito. Wanda aka ba bizar shiga sau ɗaya, a ƙa'ida ya cinye ta da zarar ya tsallaka Andorra, dawowarsa filin jirgi shiga ta biyu ce. Duk mai son zuwa can sai ya tabbatar bizarsa ta shiga fiye da sau ɗaya ce.

Shawarata ita ce kada ka biya cikakken kuɗi sai ka karanta sharaɗin fasawa, ka ga abin da zai faru idan an hana mutum ɗaya biza. Kuma kowa ya tura kason kafin alƙalaminsa da kansa kafin ka kama wuri. Na ga masu shirya tafiya da yawa da suka biya wa mutane daga aljihunsu bisa alkawarin baki, daga baya aka bar su da ɗaki biyu babu mai kwana.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya a Glasgow:

Yayana, akwai tambayar da ya kamata ka yi wa mutanenka a keɓe, ɗaya bayan ɗaya, wadda kamfanin Bature ba zai tuna ya yi muku ba: a cikinku akwai mai sikila? Mu mun san yadda wannan ciwo yake da yawa a cikin al'ummarmu. Sanyi mai tsanani da ƙarancin iskar shaƙa a kan tsauni da bushewar jiki da aikin ƙarfi, kowannensu yana iya tayar da ciwon, a wannan tafiya kuwa duka huɗun ne suke haɗuwa. Mai SS ko SC kada ya kama hanya sai ya zauna da likitansa. Masu AS galibi lafiya lau suke zuwa su dawo, amma an sha samun waɗanda saifarsu ta samu matsala a wurare masu tsawo sosai, don haka duk wanda ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na cikinsa, ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauko ya nemi asibiti, kada ya ce gajiya ce. Idan akwai mai irin wannan larura, inda ake kwana yana da muhimmanci: akwai bambanci tsakanin kwana a mita 2,300 da kwana a wuri irin Valmorel mai kimanin mita 1,400.

Sai inshora. Wadda ake yi domin biza sau da yawa ba ta ɗauke da wasannin hunturu, sai an ƙara. A Faransa idan mutum ya faɗi aka sauko da shi a kan gadon ja, biya ake yi, jirgi mai saukar ungulu kuwa ba a magana, kuma katin lafiya na GHIC da Birtaniya take ba matafiya ba ya biyan ceto daga kan dutse. A yankin Savoie ana sayar da wata 'yar inshora mai suna Carré Neige tare da katin hawa, kuɗi kaɗan a kowace rana, ku tambaya ko tana cikin abin da kuka biya.

Raunin da ya fi yawa a wannan wasa na gwiwa ne, kuma yakan zo da yamma lokacin da cinya ta gaji mutum ya ce bari in ƙara ɗaya. 'Yan koyonku su je filin zamiya na cikin gida da yake can Manchester su yi darasi ko biyu kafin tafiya, domin su saba da takalmin, wanda ranar farko ji za ka yi kamar an zuba maka kankare a ƙafa. Safa ɗaya doguwa ake sawa, ba biyu ba, kuma ba a cusa ƙafar wando a cikin takalmin, in ba haka ba ƙwauri zai sale kafin azahar. Kada kuma baƙar fata ta ruɗe ku ku bar tabarau da man kare rana, hasken da yake dawowa daga ƙanƙara yana ƙona ido.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya bar zumunci. Na bi shawarar 'yar'uwa ta Glasgow na tambaya, babu mai SS, mutum biyu AS ne, kuma sun ce za su ga likitansu. Masu neman biza sun fara cike takardu daren jiya. Na ja layuka shidan nan kamar yadda Malam ya ce, sai ga shi otal ɗin da nake ganin ya fi araha da kusan rabi ya dawo dab da mai tsadar bayan na ɗora kati da darasi da mota, ban da abincin rana da babu shi a ciki. Yanzu mun tsaya a tsakanin Alpe d'Huez da La Plagne, a mako na uku na Janairu, kuma da alama sai mun ɗan ƙara a kan abin da muka tsayar. Gwanayen suna son La Plagne saboda girman Paradiski, har ɗayansu ya ce shi zai koya wa matarsa da kansa a rage kuɗi. Malam na Grenoble, idan kai ne wanne za ka ɗauka?

Ɗan Damagaram mazaunin Grenoble:

Malam, kafin in amsa, ka gaya wa wannan bawan Allah ya bar matarsa ta shiga aji. Na taɓa ganin irin haka da idona a wani wuri da ba sai na faɗa ba: abokina ya ɗauki iyalinsa a kwana na biyu ya hau da ita shuɗiyar hanya, yana cewa ai mai sauƙi ce. Ta leƙa gangarar, ta zauna a ƙasa, ta kwance allunan ta rungume su a ƙirji, ta sauko da ƙafa tana nutsewa har gwiwa, shi yana biye yana ba ta haƙuri, ta kusa awa guda kafin ta iso, kuma ba ta sake hawa ba har muka dawo. Masu koyarwa na ESF, wato makarantar koyar da zamiya ta Faransa, masu jajayen kaya, aikinsu ke nan tun 1945. A fili kusan shimfiɗaɗɗe suke farawa, a koya wa mutum ya haɗa kawunan allunan ya buɗe bayansu kamar bakin garma domin ya tsaya, sai ya iya tsayawa sannan a ɗaga shi sama. Tunda darasin yana cikin kuɗin, babu ma abin da zai rage. Ka dai tambayi ranar da ajin sababbi yake farawa, domin galibi a farkon mako ne, wanda ya iso a tsakiya ya rasa.

Ni Alpe d'Huez zan ɗauka, kuma saboda Yayarku ne da 'yan koyo. La Plagne ƙauyuka ne fiye da goma a warwatse a jikin dutse, kuma wasu daga cikin na sama benaye ne kawai, irin waɗanda Hajiya ta kwatanta. Alpe d'Huez gari guda ne, da shaguna da wurin ninƙaya da filin wasanni, tana fuskantar kudu don haka tana samun rana sosai, abin da za ku gode masa a Janairu, kuma Yaya tana iya shiga motar igiya ta hau sama ta ga tsaunuka idan likita bai hana ba. Hanyoyinta kimanin kilomita 250 ne, sun ishi gwani mako guda. Daga filin jirgin Grenoble ko na Lyon kuma ta fi kusa, ba kamar kwarin Tarentaise ba, inda hanyar La Plagne take cushewa ranar Asabar.

Aibinta ɗaya shi ne hawan ƙarshe na hanyar mota, mai lanƙwasa 21, waɗanda masu tseren keke na Tour de France suke hawa da bazara. Wanda mota take sa wa amai ya zauna a gaba, kuma kada ya cika ciki a filin jirgi. Idan kun tsayar da rana ka sanar da ni, in Allah ya yarda zan hau ranar Lahadi in gaishe da Yaya, in taho muku da naman halal daga mahautan Grenoble idan masu otal ɗin sun yarda su gasa.